Taron Talata kan titin Nyanya da Mararaba: mu je ko mu zauna?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan isha'i mai unguwarmu ya aiko a sanar cewa ranar Talata mai zuwa wasu jami'ai za su zo jin ra'ayin mutane kan gyaran da ake son yi a ɓangarenmu na babban titi: inda motoci za su riƙa tsayawa, inda za a riƙa tsallakawa, da maganar masu kasa kaya a bakin hanya. Ƙarfe 10 na safe aka sa. Na kwana ina juya abin a raina. Wa ke gida a Mararaba ƙarfe 10 na safiyar Talata? Waɗanda titin nan ya fi ci wa tuwo a ƙwarya sun fita tun kafin assalatu, a lokacin suna cikin Abuja, a Wuse ko Garki ko Sakatariya.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne abin da na gani makon jiya. Ina riƙe da hannun Sadiq za mu tsallaka zuwa makaranta, sai ga wata tsohuwa da daron tumatir a ka. Ta tsallake layin farko, ta iso wurin simintin da ya raba titi biyu, ya kai mata ƙugu. Ta sauke daron a kansa, ta tattare zani, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta kasa ɗaga ta biyu. Tirela ta wuce ta bayanta, iskar ta kaɗa mayafinta har ya rufe mata fuska. Wani yaron mota ne ya diro ya kama ta. Gada na nan, amma tana da nisa daga inda mota ta sauke ta, kuma gwiwar wannan baiwar Allah ba za ta hau matakalan nan da kaya ba. Ita wa zai faɗi nata ranar Talata?

Don Allah ku ba da shawara. Mu je, ko mu zauna?

Baban Zahra:
Wa alaikumus salam. Maman Sadiq, Allah ya saka da alheri, amma gaskiya ni na gaji da irin wannan taro. An riga an zana komai, an ba da kwangila, sai a zo a tara mutane a ɗauki hoto a rubuta cewa an tuntuɓi al'umma. Ni abu ɗaya nake so, a ƙara faɗin titi. Shekara 14 ina bin hanyar nan zuwa aiki. Ina fita ƙarfe 5 da kwata, in na yi sakaci na kai 6 to sai wajen 9 zan ga shataletalen AYA. 'Ya'yana a barci nake barinsu, a barci nake samunsu.

Direban Masaka:
Alhaji Baban Zahra, faɗin titi kaɗai ba zai fishe ka ba, mu da muke kai safe da yamma mun sani. Daga Kugbo zuwa gadar Karu titi ai ba ƙarami ba ne. Ina yake toshewa? Inda muke sauke fasinja da inda muke lodi. Kowa na zaginmu wai muna tsayawa a tsakiyar hanya. To ina za mu tsaya? Gefen da ya kamata mu raɓa masu kaya sun cika shi, bayansu 'yan acaba, bayansu 'yan keke. Fasinja kuma ba zai bi ka cikin tasha ba in ya san zai samu mota a bakin titi. Mota ɗaya ta tsaya, ta biyu ta tsaya a gefenta, ta uku a gefen ta biyu, titi mai layi da yawa ya koma layi ɗaya. Ba a taɓa kiran ƙungiyarmu an ce ku nuna mana inda fasinja ke taruwa ba.

Hajiya Mai Atamfa:
To ga shi nan an fara. Duk lokacin da aka ta da maganar titi mu ne masu laifi. Malam direba, ka ji tsoron Allah. Wa ya fi ku cin hanya?

Direban Masaka:
Hajiya ki yi haƙuri, ban ce laifinku ba ne. Cewa na yi wuri ɗaya ne muke rububinsa mu duka.

Hajiya Mai Atamfa:
Na ji. Amma bari in faɗi nawa tunda an taɓo mu. Ba don muna son shaƙar hayaƙi muke zama a bakin titi ba. Inda ƙafa take nan ciniki yake. An taɓa tashinmu, aka ce mu koma wasu rumfuna can ciki. Na biya kuɗin rumfa, na zauna wata 4, akwai ranar da ko falle ɗaya ban sayar ba, ga marayu uku a hannuna. Na dawo. Da tun farko an tambaye mu, da mun ce a yi rumfunan a kan hanyar da fasinja zai bi daga tasha zuwa gada, kowa ya wuce ta gabanmu, mu kuma mu bar kwalta. Wannan ba ya buƙatar boko mai zurfi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ni dai zan je ranar Talata, ko da zan rufe kaya. Amma in da Turanci za a yi daga farko har ƙarshe, a samo mana wanda zai riƙa mayar mana da Hausa, mu ma a mayar da tamu.

Injiniya:
Jama'a sannunku. Na karanta duka, bari in sa baki a kan maganar Alhaji Baban Zahra, don mutane da yawa haka suke gani.

Ƙarin layi yana kawo sauƙi na ɗan lokaci. Abin da ke biyo baya shi ne, da hanya ta saki, wanda ke shiga bas ya fito da motarsa, wanda ke haya a Nyanya ya ga zai iya komawa Masaka ko Auta Balefi inda haya ta fi sauƙi, masu filaye su yanka sababbin unguwanni, bayan 'yan shekaru cunkoson ya dawo da ƙarin mutane a cikinsa. Masana sufuri sun daɗe da sanin wannan. Kuma duk layin da aka ƙara, an ƙara wa mai tsallakawa da ƙafa nisan da zai yi a gaban motoci. Tsohuwar da Maman Sadiq ta gani ita ke biyan kuɗin sauƙin da mai mota ya samu.

Asalin matsalar a tsarin garin take. An tsara Abuja a babban zanen 1979, gwamnati ta tare a Disamban 1991, ofisoshi duk suna tsakiya, masu yi musu aiki kuma haya ta kore su zuwa Nyanya, Karu, Jikwoyi, Kurudu, Mararaba, Ado, Masaka har kusa da Keffi. Da safe kowa ya nufi ƙofa ɗaya, da yamma kowa ya fito ta ƙofa ɗaya. Ga manyan motocin da ke zuwa daga Akwanga, Lafiya, Makurɗi da Jos, su ma nan za su bi. Shi ya sa ake ta maganar hanyar Apo zuwa Karshi shekara da shekaru, don mutanen Karshi da Orozo su daina zagayowa ta Nyanya.

Abin da zai rage wa ma'aikaci wahala a irin wannan hanya shi ne manyan bas masu layinsu na kansu, wanda ba mai shiga sai su. Legas ta fara haka a Maris 2008 daga Mile 12 zuwa CMS. Abin lura a nan, ba korar direbobi aka yi ba, ƙungiyarsu ta NURTW aka jawo ta shiga harkar tafiyar da bas ɗin. Bas ɗaya na ɗaukar mutanen da ƙananan motoci masu yawa za su ɗauka, a wurin da bai kai rabin nasu ba.

Baban Zahra:
Injiniya, na fahimta, amma bas ɗin da ba ya zuwa a kan lokaci wa zai ajiye motarsa dominsa? Mun ga jajayen bas na zamanin El-Rufai, mun ga yadda suka yi ta raguwa. A 2013 aka hana ƙananan bas shiga cikin gari aka ce manya za su wadatar. Ka manta yadda mutane suka riƙa tsayuwa a Nyanya kamar ranar idi? A nan 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja a mota su yi musu fashi, suka samu kasuwa, don wanda ya gaji da jira duk motar da ta tsaya shiga zai yi.

Injiniya:
Ban manta ba Alhaji, kuma wannan hujjata ce ba taka ba. An yanke hukuncin ba tare da lissafin mutum nawa ke tsayawa a kowace tasha a kowace sa'a ba. Haka hana acaba a cikin gari a 2006. Dubi jirgin ƙasa na cikin gari: an buɗe shi a Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, aka sake ta da shi a Mayun 2024. Yana bi ta Idu zuwa filin jirgin sama da ɓangaren Kubwa. Mu da muke wannan ɓangaren, inda jama'a ke kwarara kowace safiya, ko ƙarar sa ba ma ji.

Mai Keken Hannu:
Salamu alaikum. Ban cika magana a zauren nan ba, amma yau dole. Ni gurgu ne, da keken hannu nake yawo, ina gyaran waya. Gidanmu na wannan tsallaken, shagon da nake aiki yana wancan. In na tsaya a ƙofar shago ina hango rufin unguwarmu. Don in isa can, sai dai in samu samari biyu su ɗaga ni da keken su hau matakala, ko in biya keke Napep ya kai ni har inda ake juyawa ya dawo da ni. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin wannan zagayen yana cin wani babban kaso na abin da na samu a yini. Akwai ranar da ruwa ya sauko ina ƙasan gada, na jira har magariba ban samu mai ɗaga ni ba, kowa na gudu. Ban ga laifinsu ba.

In za a yi gada, a yi mata gangare mai sauƙin hawa, ba mai tsayuwa kamar bango ba. Kuma a hana 'yan acaba hawa, don da zarar an yi gangare su ke fara mallake shi. Ba ni kaɗai zan amfana ba. Mai ciki, tsoho, mai baro, mai tura ruwa, duk hanyarmu ɗaya. Ina son zuwa taron amma ban sani ba ko zauren da za a yi yana da matakala.

Maman Sadiq:
Allah sarki ɗan'uwa. Wallahi jikina ya yi sanyi. Zan tambayi mai unguwa yau ɗin nan. In a bene ne, mu roƙa a sauko da shi ƙasa.

Baba Na Karu:
'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Jikana ke rubuta min. Na zo garin nan titin yana siriri, gefe da gefe gonakin Gbagyi ne da doya da dawa. Na ga faɗaɗa shi, na ga rushe-rushe, na ga ranar 14 ga Afrilun 2014 da bam ya tashi a tashar Nyanya da sassafe ya kashe sama da mutum 70, yawancinsu masu jiran motar zuwa aiki. Bayan mako biyu da 'yan kwanaki wani ya sake tashi kusa da wurin. Allah ya jiƙansu. Bayan nan aka sa shingen bincike, mutane suka riƙa kwana rabin dare a hanya. Na kawo wannan ne don ku gane tara dubban mutane wuri ɗaya suna jiran mota ba maganar gajiya kaɗai ba ce, maganar rai ce.

Shawarata biyu. Kada ku je a matsayin Hausawa kawai. Titin nan bai san yare ba. Ku nemi 'yan'uwanmu Gbagyi masu ƙasa, ku nemi Tibi da Ibo da Eggon da Mada da ke kasuwar lemu da kasuwar kayan gini, ku sanar da limamai su faɗa ranar Juma'a, fastoci su faɗa ranar Lahadi. Na biyu, ku bi ta hannun sarakuna. Takardar da ta fito daga fada ba a jefar da ita kamar ta mutum ɗaya. Zuwa da kai kuma ya fi saƙo.

Shugaban Zaure:
Mun gode Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Jama'a ina roƙo, na goge saƙo biyu da suka koma zagin jam'iyya. Ba shi ya tara mu ba. Lauya, kana kusa? Mutane na tambaya ta bayan fage ko doka ta ba mu wani haƙƙi ko alfarma ce kawai ake mana.

Lauya:
Ina nan ranka ya daɗe, yanzu na fito daga kotu. Ba alfarma ba ce. Dokar tantance tasirin manyan ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi a baje rahoton aikin inda jama'a za su iya gani su yi sharhi, kuma kwana 21 na aiki ake bayarwa. Matsalar ita ce sanarwar kan fito a jarida, rahoton kuma a ajiye shi a ofis, da Turancin injiniyoyi, kwanakin su wuce ba wanda ya sani. Sai an kawo katafila a fara ihu bayan hari.

Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Kowa na iya rubuta wa hukumar tarayya ya nemi takardun aiki, doka ta ba ta kwana 7 ta amsa ko ta faɗi dalilin ƙi. Ba sai ka bayyana abin da za ka yi da su ba. Masu gini a bakin hanya kuma su sani, a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 gwamnati na iya karɓar fili don amfanin jama'a, diyyar kuma ta abin da ka gina ko ka shuka ce. Wanda ba shi da takarda, kamar masu kasa kaya, kusan ba shi da madafa bayan an fara. Shi ya sa Hajiya ta fi kowa buƙatar a ji ta tun yanzu.

Abin da ya fi wahala a titin nan shi ne masu shi sun yi yawa. Hanyar ta gwamnatin tarayya ce. Nyanya da Karu na ƙarƙashin ƙaramar hukumar AMAC a Babban Birnin Tarayya, inda babu gwamna babu majalisar jiha, sai minista da Majalisar Tarayya. Ka taka kaɗan ka shiga Mararaba, kana ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa. Mutum na kwana a Nasarawa, yana zaɓe a Nasarawa, yana yini a Abuja. Don haka tambayar farko ranar Talata ita ce: ku daga wace hukuma kuke, iyakar aikinku daga ina zuwa ina, kuma wa zai sa hannu a zanen ƙarshe? A rubuta amsar.

Baban Zahra:
To Lauya, a ce mun je mun faɗa sun rubuta. Me zai tilasta musu aiki da shi?

Lauya:
Babu abin da zai tilasta musu ɗari bisa ɗari, ba zan yaudare ka ba. Amma takardar da aka miƙa aka buga mata hatimin karɓa, da kwafi a hannunmu, da kwafi wurin kansila da ɗan majalisa, ta fi ƙorafin baki. Gobe ba mai cewa ba a faɗa masa ba.

Injiniya:
Kuma akwai abin da ke sauya ra'ayin mai zane fiye da ƙorafi, wato ƙidaya. Sau da yawa motoci ake ƙirgawa, ba a ƙirga ƙafa. In muka je da takarda muka ce a daidai wuri kaza, daga ƙarfe 6 zuwa 8 na safe, mutum kaza suka tsallaka ta ƙasa, kaza daga cikinsu yara 'yan makaranta, kaza masu kaya a ka, kaza suka hau gada, to mun ba shi abin da zai kare kansa da shi a gaban manyansa in ya matsar da gada ko tasha. Matsar da layi a takarda kuɗin fensir ne. Bayan an zuba kankare sai dai haƙuri. Tun ran gini ran zane.

Ku lura da inda mutane suka fasa shingen waya ko suka taka ciyawa har ta zama turba. Nan ne suke son tsallakawa, nan ya kamata gada ko danja ta kasance. A ɗauki hotonsa. A ɗauki hoton lambatun da ya cika da leda, da inda ruwa ke kwanciya in an yi sama, don da damina rabin gosulon daga nan yake farawa.

Direban Masaka:
Wannan mu za mu iya. 'Yan kamasho sun san yawan motar da ke lodi a kowace sa'a, don a kan haka suke karɓar kuɗi. Zan yi wa ciyaman ɗinmu magana yau da daddare. Amma sharaɗi ɗaya, in za a ce mu shiga tasha, ta kasance mai ƙofar shiga daban ta fita daban, kuma a bakin titi, ba a kai mu lungu ba. Kuma dokar ta hau kan kowa, har masu motocin gida da ke kwasar fasinja da safe su rage kuɗin mai. Su ba sa biyan ko sisi, mu ake kamawa.

Baban Zahra:
Nan ka taɓo ni, don ni ma ina ɗauka. Ba don riba ba, albashi ne ba ya kai wa ƙarshen wata. In aka ware mana wurin tsayawa na minti biyu zan yi amfani da shi. Har yanzu ina kan bakata cewa titin na buƙatar faɗi a wasu wurare, kuma zan faɗa in na samu dama. Talata dai ba zan iya barin ofis ba.

Maman Sadiq:
Alhaji, kai ne irin mutumin da na fara magana a kansa. Ka rubuto naka ko ka yi saƙon murya, za mu haɗa. Na je wurin mai unguwa bayan la'asar. Ya ce zauren a ƙasa yake, taki ɗaya ne a ƙofa, zai sa a ɗora katako. Maganar lokaci kuma ya ce ba shi ya sa ba, amma in muka kawo takarda da sa hannun mutane zai roƙa a ƙara zama na biyu ranar Asabar da yamma. Ya yarda a samu tafinta.

Hajiya Mai Atamfa:
Alhamdu lillahi. Zan zagaya wurin mata gobe da safe, masu tumatir da masu awara da masu gwanjo. Wadda ba ta iya rubutu ta dangwala. Tsohuwar nan da kika gani, in mai jan mayafi ce da ke saukowa daga motar Gora, na san ta. Zan nemo ta.

Mai Keken Hannu:
Ku ba ni ƙidayar ƙasan gada. Dama nan nake zama jiran mai ɗaga ni. Littafi da biro kawai nake so, da mutum ɗaya a ɗaya tsallaken, don in tirela ta tsaya ba na ganin can.

Shugaban Zaure:
An ba ka. Sadiq babba ɗan gidan Malam zai tsaya a wancan ɓangaren, ya ce ba shi da lacca ranar Alhamis. To ga yadda aka tsaya: Alhamis da Litinin ƙidaya, 6 zuwa 8 na safe da 5 zuwa 7 na yamma. Injiniya zai turo yadda za a ja layukan littafin yau kafin a kwanta. Lauya zai rubuta takardar da Hausa da Turanci. Har yanzu ba mu da kowa a daidai kwanar kasuwar lemu da yamma, kuma ba wanda ya ce zai je fada. Wa zai ɗauka?

Baba Na Karu:
Fada ku bar min. A samo min wanda zai kai ni ranar Juma'a bayan an sauko.

Direban Masaka:
Ni zan kai ka Baba. Ka jira ni a ƙofar gida, ba sai ka fito titi ba.